Aron Baki

Ni ɗan fari ne, kuma yau shekarata 38 ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana nemana, ƙanwata take ce wa, "Ki ce wa wancan yaron ya zo." In na durƙusa gaishe ta, amsawa take tana kallon bango, ko tana tsintar wani abu a tabarma wanda babu shi. Da aka yaye ni, gidan kakata aka kai ni a Gangare, ban dawo ba sai da na isa shiga firamare. Ban taɓa ɗaukar wannan abin ba da labari ba. Haka na buɗe ido na gani, haka sauran 'yan farin layinmu suka gani.

Ranar sunan 'yata ta fari abin ya fara yi mini kai-kawo a rai. Matata na rungume da jaririya, ƙawayenta sai ɗaukar hoto suke da waya, suna kiranta maman wance tun ba a gama rabon goro ba, ita kuwa tana amsawa da ƙarfinta. Inna na can gefe. Na ga ta ja mayafi ta rufe baki. Har yau ban san ko dariya take ɓoyewa ko takaici ba.

Ƙungiyar matasan unguwarmu takan yi ɗan taro duk hutun Disamba. A buga ƙwallo, a yi kacici-kacici, a rufe da gajeren wasan kwaikwayo. Wasan kullum ɗaya ne, riga kawai ake canza masa: yaro ya sha ƙwaya, ya haukace, uwa ta yi kuka, malami ya fito ya yi nasiha. Da muka zauna shiri a wannan karon, da yake ni ne sakatare, na ce mu bar bakin titi mu shiga cikin gida, mu yi wasa a kan alkunyar ɗan fari. Shugaba ya ce, "Malam, wa zai zo kallon tsohuwar da ba ta magana?" Aka bushe da dariya. Amma cikin mu 14 da ke zaune, biyar 'yan fari ne, kuma kafin dariyar ta lafa kowa ya fara kawo nasa. Har aka kira isha'i ba mu koma kan ajanda ba. Da haka maganar ta zauna, ba tare da an ɗaga hannu ba.

Jos ba baƙuwar wasa ba ce. Hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya a nan take, da makarantarta ta koyon aikin fim. Jami'ar Jos na da sashen wasan kwaikwayo, ga ƙungiyar 'yan wasa ta Jos Repertory Theatre da aka kafa a 1997. Mu kuma da su Karkuzu da Samanja muka tashi a talabijin. Duk da haka babu ko ɗaya cikinmu da ya taɓa taka dandamali na gaske, alhali daga layinmu zuwa ƙofar jami'a ta Bauchi Road ko keke ba sai ka hau ba. Sai na tuna da wani abokina Birom da muka yi sakandare tare, wanda ya karanta wasan kwaikwayo a can. Da gidansu na bayan namu. Bayan rikicin Satumbar 2001 suka tashi, kamar yadda gidaje da yawa suka tashi ta kowane ɓangare, gari ya rabu unguwa-unguwa. Gaisuwar waya kawai ta rage tsakaninmu. Na kira shi ina ɗar-ɗar, ya ce zai zo, amma zai riƙa tafiya kafin duhu. Ban ce masa don me ba, shi ma bai yi bayani ba.

Na je masa da takardu shida da na cika da hannuna. Ya duba, ya ninke, ya miƙo mini. Ya ce kada in rubuta komai tukuna. Ya ba mu labarin yadda 'yan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka riƙa yi tun shekarun 1970: su shiga Samaru da ƙauyukan kewaye, su zauna da mutane su saurara, su gina wasa daga abin da suka ji, su mayar wa masu maganar da shi a dandali, sannan a zauna a tattauna. Ya ce, "Labarin da ke kanka na mutum ɗaya ne. Je ka jiyo na unguwa."

Mako biyu muka yi muna yawo. 'Yan mata huɗu suka riƙa shiga gidaje bayan la'asar, mu maza muka bi majalisu da shagunan Dilimi da tashar mota. Tun ranar farko tsofaffi suka ce a ajiye waya, kada a wayi gari a gan su a Facebook, don haka a littafin rubutu na 'yan makaranta aka riƙa rubutawa.

Na zaci ɓangare biyu za a samu, tsofaffi na kare al'ada, yara na kushe ta. Abin da ya dawo ya fi haka cakuɗewa. Wata tsohuwa ta ce, "Kunya ce, ba ƙi ba. Wa ya gaya muku sai an faɗi suna ake so?" Wata ta ce a gidan iyayenta ta haihu, inda ta je goyon ciki, to da wane ido za ta ɗauki jariri a gaban mahaifinta? Kwana arba'in tana wankan jego tana shan kunun kanwa, ba ta taɓa yaron sai za ta ba shi nono, shi ma a ƙuryar ɗaki, ta kau da kai. Wata kuma, wadda har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi, ta ce ɗanta na fari ya yi ƙyanda, uwar mijinta da kishiyarta ne suka yi jinya. Ita in dare ya raba sai ta lallaɓa ta tsaya a bayan taga tana sauraron numfashinsa, in ta ji motsi ta koma kamar ta fito kama ruwa. Wani direba a tasha ya ce shi har gobe ya san auta aka fi so, kuma babu malamin da zai canza masa ra'ayi. Wata amarya ta ce, "Ni na yi naƙuda, ni zan kira abina."

Maganar da ta juya mana wasan kuwa daga wata kaka ta fito. Ta ce ita ba kunyar take kewa ba, jikoki take kewa. Da, in an yaye yaro ita ake kawo wa, yanzu sai dai ta gan shi a waya. Nan na fahimci abin da ban taɓa lura da shi ba. Alkunya sai a gida mai mutane. Uwa na iya kau da kai daga ɗan fari ne saboda akwai kaka, akwai gwaggo, akwai kishiya da matan 'yan'uwan miji da za su goya shi. Gidan kakana, wanda ya zo Jos lokacin da ake haƙar kuza, sassa bakwai ne a ƙofa ɗaya. Ni yanzu ciki da falo nake haya. In matata ta ce za ta yi kunyar 'yarmu, wa zai ɗauke ta? Maƙwabciya? Ba wai matan yanzu sun fi iyayensu rashin kunya ba ne kawai, ko da yake akwai masu wannan ma. Gidan da ke riƙe da al'adar ne ya watse.

Muka gina wasan fitowa shida, muka sa masa suna Wancan Yaron. A bayan tsohuwar kalanda muka rubuta, kowace fitowa layi biyu ko uku, 'yan wasa su cika da nasu bakin. Abokina bai hana ba, amma ya dage a tsayar da maganar farko da ta ƙarshe ta kowace fitowa, in ba haka ba, in ji shi, hirar majalisa za ta koma. Ya yi gaskiya. A gwajin farko fitowa ta biyu kaɗai ta ci minti 40. Labarin dai: tsohuwa ce a gidan gado da ya zama kufai, 'ya'ya duk sun tashi, saura ɗan farinta da matarsa da 'yarsu. An yi masa canjin wurin aiki zuwa Abuja. Surukar na kiran miji da suna, tana wasa da 'yarta a tsakar gida, tsohuwa na gani tana haɗiyewa. Daren da za su tafi, tsohuwar ta faɗi a hanyar banɗaki, babu yaron aike, babu kowa sai shi a ɗakin da ke kallon nata. Dole ta kira.

Samun 'yan wasa ya fi komai cin rai. Maza kam har da rara. Matar ɗan ce ta gagara: gida uku muka je, gida uku aka ce 'yarsu ba za ta zama 'yar fim ba, kuma wa zai aure ta bayan duk unguwa ta gan ta tana kiran wani ƙato mijinta? Mai askin layinmu ne ya fid da mu. Ya ce shi zai fito a ɗan, matarsa ta aure ta fito a matar, kowa ya huta. Ita ma ɗalibar kwalejin ilimi ce, baki gare ta kamar reza. Tsohuwar kuwa, wani yaro ya ce zai ɗaura zane ya yi, aka ce ya rufa wa kansa asiri, sunan da za a laƙaba masa ba zai goge ba. Muka gwada wata budurwa da hoda a gira da gawayi a kumatu, ta fito kamar 'yar tashe.

Sai wata cikin 'yan matan ta ce me zai hana a tambayi Gwaggo mai masa. Bazawara ce, ta haura 60, in ana biki ita ke sa mata dariya har su riƙe ciki. Na same ta a bakin tanda da sassafe. Ta saurare ni tana juya masa da tsinke, ba ta ɗago ba, sannan ta ce, "Ni ba ni da ta cewa. Ka je ka tambayi wancan na Katako." Babban ɗanta take nufi, mai sayar da katako a kasuwar. Wato don in sami mai fitowa a uwar da ba ta faɗin sunan ɗan fari, sai da na je neman izini wurin ɗan farin da uwarsa ba ta faɗin sunansa. Ya yi dariya har da buga benci. Ya yarda, ya kuma ba mu aron katako goma sha biyu, da sharaɗin kada a buga musu ƙusa fiye da biyu.

Neman izini bai tsaya nan ba. A Jos ba a tara jama'a a fili haka kawai, duk wanda ya ga 2001 da 2008 da 2010 ya san dalili. Mai unguwa ya ce a fara bayan la'asar, a watse kafin magariba, kada a ambaci ƙabila ko jam'iyya, kuma a kai takarda ofishin 'yan sanda, a sanar da 'yan sintiri. Muka ce, "Ranka ya daɗe, an gama." Hedimasta ya ba mu filin makaranta da aji ɗaya na gwaji. Liman ne na fi jin tsoro. Ya tambaya ko za a taɓa juna, na ce a'a, Allah gafarta Malam. Ko za a yi kiɗa, na ce a'a. Ko za a ci mutuncin iyaye. Nan na yi shiru, don ban san amsar ba. Ya ce shi a saninsa wannan al'ada ce, ba addini ba, Manzon Allah (SAW) ma yana sumbatar jikokinsa a gaban jama'a. Amma in za mu nuna gazawar uwa, mu tuna uwayenmu na zaune a wurin suna kallo. Ya ƙara da cewa maza gefe, mata gefe.

Mako shida muka yi muna gwaji, sau uku a mako. Wanda ya san Jos a ƙarshen shekara ya san abin da nake nufi in na ce ajin ba shi da gilashin taga. Gari ne da ke kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, in hunturu ya sauko tun ƙarfe biyar haƙora ke kaɗawa. Kowa da rigar sanyinsa ta gwanjo, Gwaggo da ɗan kaskon garwashinta a gefe. Abokina ya sha fama da mu a kan abu biyu: ɗaga murya ba tare da ihu ba, da daina juya wa 'yan kallo baya. Kowa ya koya ban da Gwaggo. Duk lokacin da mai aski ya shigo, sai ta juya ta fuskanci allo. Ya gyara ta sau uku, a na huɗu ya tsaya ya zuba mata ido, sannan ya ce a bar ta. Ya matsar da tabarmarta yadda in ta kau da kai daga ɗan, 'yan kallo za ta fuskanta. Shi ba ya ganin fuskarta, mu muna gani. Rabin wasan a wannan fuskar ya koma.

Rigimar ta tashi ne ranar da muka kai fitowa ta ƙarshe. Yadda na tsara, tsohuwa za ta kira sunan ɗanta sau uku, ya fito da gudu, a yi kuka, a ja labule. Gwaggo ta kwanta a tabarma, ta yi nishi, ta buɗe baki, ta rufe. Ta tashi zaune ta gyara ɗankwali.

"Ba zan faɗa ba."

Na ce, "Haba Gwaggo, ai wasa ne."

"Na san wasa ne. Amma matar nan da kuka ba ni ba za ta faɗa ba. Shekara arba'in ba ta faɗa ba, sai don ta gurɗe ƙafa? In na faɗa, matan da ke zaune za su ce ƙarya muke." Ta ɗan tsaya, ta dube ni, ita da ba ta duban kowa. "Wai ma sunan wa ka sa wa yaron?"

Ajin ya yi tsit. Sunana ne. Na yi ta gaya wa kaina cewa suna ne gama-gari, kowane layi akwai mai shi uku. Kowa a ajin ya lura tun makon farko, babu dai wanda ya tanka.

Ta ce, "Kai ɗan nan, aron baki kake nema. Uwarka na da rai. In kana da magana da ita, ka san hanyar ɗakinta."

Na ɗauki hulata na fita. Gwaji biyu ban je ba, na ce mura nake. Da na ba matata labari ina jiran ta taya ni fushi, sai ta ce, "To ƙarya ta yi?" ta ci gaba da yankan alayyahu. Ban je ɗakin Inna da maganar ba. Na je dai gaisuwa kamar kullum, ta amsa tana kallon bango kamar kullum.

Da na koma, na tarar sun canza wa yaron suna ba tare da sun tambayi sakatare ba, kuma suna ta gwada hanyoyi. Tsohuwa ta buga muciya a ƙwarya, mai aski ya ce shi in yana barci zai ɗauka kyanwa ce. Ta yi tari, bai isa ba. Ta yi salati da ƙarfi, kowa ya yarda haka za a yi a zahiri, amma wasan sai ya mutu a tsaye, kamar an dafa miya an manta gishiri. Ana cikin haka yarinyar da ke fitowa a jika, 'yar shekara bakwai, ta zo ta zauna a ƙafar Gwaggo tana wasa da ludayi. Tun fitowa ta farko Gwaggo ke tsokanarta da kishiya, irin wasan kaka da jika, tana cewa ta ƙwace mata miji. Ta dubi yarinyar. Ta koma ta kwanta. Ta yi nishi. Sannan da muryar da ban san tana da ita ba, ta ce:

"Uban kishiyata!"

Muka kwashe da dariya, sai kuma dariyar ta tsaya a maƙogwaro. Ba ta faɗi suna ba, amma ba ta ce wancan yaron ba. Ta ɗauko kiran baban wance na 'yan zamani da take ƙyama a bakin surukarta, ta naɗe shi a cikin wasan jika na kaka da kakanni, ta jefa. Abokina ya ce kada kowa ya ƙara ko kalma ɗaya a kai.

Sauran aiki na kuɗi ne da ƙarfi. Muka yi karo-karo, wasu 'yan kasuwar Farin Gada suka taimaka. Muka yi hayar kujerun roba 150 da rumfa biyu, mai kiɗan biki ya ba mu hayar lasifika da makirufo biyu. Janareta ta aro ce, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023, cika mata tanki ya fi hayar rumfa ɗaya ciwo. Dandamalin kuwa teburan malamai ne muka jera, muka ɗaure ƙafafunsu da igiya, muka shimfiɗa katakon Katako a kai. Labule zannuwan gado ne guda huɗu da tela ya haɗa. Gwaggo ta ce ba za ta ba ɗanta tuwo a kwanon silba ba, sai akushi. Muka bi gida-gida, akushi ya zama kamar maganin ƙarfe. Ƙanwata ce ta tuna akwai ɗaya a ƙarƙashin gadon Inna, cikin kayan ɗakinta na aure. Na ce ta tambayo. Inna ba ta ce me za a yi da shi ba, ta goge shi da man gyaɗa ta bayar. Baƙi ne wuluk, bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya saboda tsufa.

Ranar Asabar ɗin, ƙarfe huɗu da kwata muka buɗe labule. Kujerun mata sun cika tun kafin a idar da la'asar, har da tabarmi a gaba, na maza kuwa sai da aka fara suka riƙa sulalowa kamar ba nan za su ba. Yara sun hau katanga. Iska ta fara da gemun audugar yaron da ya fito a kawu, irin na Tsoho da Gemu, ta ɗauke rabi ta kai shi cikin 'yan kallo, wata yarinya ta tsinto ta hau dandamali ta miƙa masa, ya karɓa ya ce Allah ya yi mata albarka ba tare da ya fita daga muryar tsoho ba. A fitowa ta uku janareta ta yi tari ta mutu. Na ruga baya, muka yi ta jan igiya, ta ƙi. Ina dawowa na ji filin ya fi ɗazu shiru. Mutane sun daina hira ne don su ji, kuma 'yan wasan suka tuna da abin da aka koya musu na murya. Ban sake taɓa janaretar ba.

'Yan kallonmu ba sa zama su yi shiru kamar a aji. Da surukar ta kira miji da suna a gaban uwarsa, gefen tsofaffi ya ɗauki salati, wata ta ce, "Ji mara kunya!" 'Yan mata suka yi tafi don tsokana. Da tsohuwa ta tambayi jikarta ko ubanta ya ci abinci, alhali yana tsaye a gabanta, maza suka yi dariya, amma na ga direban nan na tasha ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota.

Fitowar ƙarshe ta zo rana ta yi ja, hazo ya sauko. Gwaggo ta faɗi. Ta ja lokaci fiye da yadda muka saba, tana buɗe baki tana rufewa, har wani yaro daga kan katanga ya ce, "Ki kira shi mana!" Wata tsohuwa ta juya ta ce masa, "Rufe mana baki." Sannan kiran ya fito. Filin ya ɗauke wuta na ɗan lokaci, dariya ta tashi daga baya, wata ta rangaɗa guɗa, kuma a layin gaba mata uku ko huɗu na share ido da gefen hijabi. Mai aski ya fito da gudu, ya durƙusa nesa da ita kaɗan. Aka ja zanen gado.

Minti 20 suka rage mana na tattaunawa. Wani dattijo ya ce mun kyauta da ba mu tozarta tsohuwar ba. Wata matashiya ta miƙe ta ce ita ba ta gamsu ba, mun ba tsohuwar hanyar zillewa ne, yaron nan ya cancanci ya ji sunansa ko sau ɗaya kafin uwarsa ta mutu. Aka yi mata ca, amma ni a raina ina tare da ita, kuma har yanzu rabina na tare da ita. Kakar nan mai kewar jikoki ta ce ita tambayarta ɗaya ce: da gari ya waye, sun tafi Abujar da yarinyar ko sun bar mata ita? Babu wanda ya shirya wannan amsar. Ladan ya fara gyaran murya, jama'a suka watse, na raka abokina bakin titi ya hau keke.

Ban san Inna ta zo ba. Ba ta zuwa taro in ba biki ko gaisuwar mutuwa ba, ni kuma ban gayyace ta ba. Washegari muna lodin kujeru, biyu sun karye sai mun biya, ƙanwata ta zo karɓar akushi, ta ce ai tare suka zo, suna can layin ƙarshe kusa da rumfar mata, kuma ta tashi kafin a fara tattaunawa. Na ba ta akushin a leda. Bayan azahar sai ga ta ta dawo da shi.

Ta ce, "Inna ta ce in gaya wa wancan yaron, mai masa ta iya. Amma ba a miƙa wa ɗan fari akushi hannu da hannu. Ajiyewa ake a bakin ƙofa, a koma ciki, wani ya ɗauka ya kai masa."

Na ce to, akushin fa?

"Ta ce ka riƙe, wai za ku sake buƙata."

Bayan mako uku wata ƙungiya a Bukuru ta gayyace mu mu maimaita. A gwaji na gaya wa Gwaggo gyaran da aka aiko. Ta ce ita ma ta sani, teburan malaman ne ba su da bakin ƙofa. Muka sa kafinta ya haɗa mana ƙyaure da ragowar katako, muka ɗora a motar da ta kai mu.